Mai Gadin Firigon Baba

Ranar da majo, malamin asibiti, ya ce ƙwayoyin ciwon sukari sun daina yi wa Baba aiki, sai dai allura, ina tsaye a bayan kujerarsa riƙe da hularsa. Majon ya ɗago wata 'yar kwalba da ba ta kai babban yatsana ba, ya juya ta a gaban idona ya ce, "Madam, wannan ba ta son zafi. In ta sha zafi ƙarfinta ya tafi, kuma ba za ki gane ba. Launinta ba ya sakewa, ba ta wari. Za ku yi ta allura kuna zaton magani ne, alhali ruwa kuke zuba masa." Baba ya yi dariya ya ce ai shi ma ba ya son zafi, sun dace ke nan. Ni ban yi dariya ba. A Damagaram muke, ga bazara ta fara leƙowa.

Baba baduku ne. Gidanmu yana Kara-Kara, kusa da duwatsun nan da suke wuni suna shan rana, su yi ta amayo ta har bayan isha'i. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ke riƙe da gidan tun da mijinta ya kwanta dama. Ni kuwa aiki ya kai ni Takieta, wani biro, wato ofis, inda nake wuni gaban kwamfuta, sai Juma'a da yamma in hau mota in dawo gida. Ni ce 'yar fari, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" yake cewa, in kuma yana cikin nishaɗi ya ce "mutuniyar Takieta".

Kuran ɗin unguwarmu, wato lantarki, ba abin da za a jingina ran mutum a kansa ba ne. Yakan zo da hantsi ya tafi kafin azahar, wani lokaci a kwana biyu ba a ga ƙeyarsa ba. Sai na sa aka ɗora mana pano, farantin sola, a kan rufi don ya sha rana, aka ajiye batir a kusurwar ɗakin Baba, na kawo ƙaramin firigo da ke ci daga batir ɗin. Na sa kwalbar a can ciki, a lungun da ya fi sanyi. Na yi wa Gwaggo bayani, na maimaita, har ta ce, "Ke 'yar nan, ni ma fa na yi renon yara." Ranar Litinin na koma Takieta, tsoro ya bi ni har can.

Abin da ya fi damuna shi ne halin gidanmu. Mu ba a gaya wa na nesa mummunan labari ta salula. Mutum yana gargarar mutuwa za a ce maka jiki da sauƙi. Lokacin da mahaifiyata ta cika ina makaranta a wani gari, cewa aka yi in zo gida ana nemana, na shigo da tsaraba a hannu na tarar an riga an kai ta. To in na kira Gwaggo na ce, "Firigo yana aiki?" ta ce, "Lafiya lau," me na ji? Ban ji komai ba. In na kira Baba sai ya tambaye ni ko gero ya sauka a kasuwar Takieta. Ina zaune a biro ina buga aiki, in na ji zufa ta gangaro mini a baya sai in ce yanzu haka kwalbar nan ma tana jin irin wannan. Na rame a makonnin nan, har wata abokiyar aikina ta fara yi mini kallon mai ƙaramin ciki.

Abin da nake bukata shi ne mai gadin da bai san kara ba, wanda zai faɗa mini gaskiya ko da za ta tayar mini da hankali. Na san ana iya ajiye ƙaramar kwamfuta a gida, wadda ba ta da allo, ba kuma mai zama gabanta, aikinta kawai ta kwana ta tashi a kunne tana yin abin da aka sa ta. Saba ake ce mata. Tawa aikinta ba shi da yawa: wata siririyar igiya mai kan ƙarfe za ta shiga cikin firigo ta riƙa jin sanyi, wata ta riƙa duba ƙarfin batir, ita kuma ta aiko mini da saƙo a salula kowace awa. Na yi dare da rana ina kallon bayanai da Faransanci har na gane yadda ake haɗawa. Sai dai akwai matsala ɗaya da ta tsaya mini a wuya. Mai gadin nan daga batir ɗaya zai ci da firigon da yake gadi. Duk abin da ya sha, daga bakin maganin Baba ya ɗauka.

Na fara da abin da ke hannu. Akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur da wani ɗan'uwanmu ya bar mana, na jona ta in gani. Fankar cikinta ta tashi da gurnani, Gwaggo ta leƙo ta ce ko injin niƙa na kawo. Na sa ma'aunin wuta a kan igiyarta, na ga tana shan abin da ya fi na firigon kansa. Kafin la'asar ta ja batir ƙasa. Na cire ta da sauri, na buɗe firigo na taɓa kwalbar. Daga nan na gwada tsohuwar kwamfutata ta hannu, ina ganin ai ita tana da nata batir a ciki, ko an samu matsala za ta ɗan riƙe. Ban kai ga jona ta ba na lura cikinta ya kumbura, madannan sun ɗago kamar burodin da ya tashi. Zafi ne ya yi mata haka a cikin akwati. Abin da ka iya kama wuta ba zan bar shi a ɗakin da tsoho ke barci ba.

Ranar Asabar na hau babur ɗin kabu-kabu na tafi unguwar Zango. Na bi shagunan masu kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu in na faɗi abin da nake nema sai su nuna mini salula mai tsada. A ƙarshe na samu wani shago mai duhu, mai shi ya zazzage mini kwali biyu a kan tebur ya ce, "Madam, duba da kanki, ni ban san kansu ba, a cikin kaya suka zo." Na tarar da abu biyu da za su iya. Ɗaya ɗan akwatin ƙarfe ne baƙi, bayansa duk tsage-tsage don zafi ya fita, ba shi da fanka ko kaɗan, bakin igiyarsa zagayayye, kuma yana iya ci kai tsaye daga batir irin namu. Ɗayan kuwa falle ne tsirara, kore, bai wuce tafin hannuna ba, ba shi da gida ma, kuma da sharjar salula yake aiki.

Na roƙi mai shagon ya bar ni in auna su. Na zauna a kan benci da ma'aunina, masu wucewa suna leƙe suna mamakin mace da igiyoyi a cinya. Akwatin ƙarfen yana shan kamar abin da ƙaramar fanka ke sha. Fallen nan kuwa ko kwan fitila ɗaya bai kai ba, har sai da na sake aunawa don na ɗauka ma'aunin ne ya tsaya. Zuciyata ta kwanta a kansa nan take. Na kuma ce a raina, ga wani alheri: in igiyarsa ta lalace, wace kasuwa ce ba a sayar da igiyar salula? Ko a bakin tasha za a samu. Na ɗauke shi na dawo gida ina jin na yi dabara.

Baba ya karɓe shi ya juya, ya kai shi kusa da ido. Ya ce abin tausayi, ba riga, bari ya ɗinka masa gida na jar fata. Na ce a'a Baba, fata za ta riƙe masa zafi. Ya ce to ashe duk gidan nan masu gudun zafi aka tara masa. Na sa fallen a cikin ɗan kwandon roba mai huji-huji, na ɗora a kanta sama da batir. Na tura igiyar ji-sanyi ta gefen ƙofar firigo har lungun da kwalbar take. Da saƙon farko ya shigo salulata muna zaune a tsakar gida, na karanta musu da ƙarfi: sanyi lafiya, batir lafiya. Gwaggo ta ce, "Abin da nake gaya miki kullum ke nan."

Makonni kaɗan na samu barci. Kowace awa salula ta yi 'yar ƙara, in duba, in ci gaba da aiki. Na soma cin abinci da daɗi.

Sai wata Laraba a tsakiyar bazara. Tun safe hadari ya rufe sama, irin wanda ba ya zubar da ruwa, sai dai ya danne gari mutum ya rasa iskar shaƙa. Na san pano ba ya samun abin kirki a irin wannan rana, don haka ina ta duba salula. Saƙon hantsi ya zo, batir ya ɗan sauka. Na jira na gaba bai zo ba. Na ce rezo ne, layin salula ne ya ɗauke. Na fita waje na ɗaga salula sama kamar mahaukaciya, ga rezo cike. Na jira wata awa, shiru.

Na kira Gwaggo, a kashe. Na kira Baba, tana ta ƙara ba a ɗauka, na sake, na sake. Na nemo lambar maƙwabciyarmu ta jikin katanga na kira. Ta ɗauka, amma kafin in ji muryarta sai na ji koke-koken mata a bayanta, da muryar wani yana salati. Ta ce, "Ke ce? Wayyo, sai haƙuri, sai haƙuri..." Layin ya yanke. Na sake kira ba ta shiga.

Ban san abin da na gaya wa shugaban bironmu ba. Na dai ga kaina a bakin hanya ba jaka, gyalena a karkace. Motar da na samu ba ta cika ba, direba yana zaune yana shan shayi yana jiran fasinja. Na yi masa magana da murya mai kyau, na yi da marar kyau, ya ce, "Hajiya, ko ni ina son in tafi." Da muka tashi kuma, ba ƙauyen da bai tsaya ba. A Tirmini aka sauke buhuna aka ɗora akuya. Ina zaune a matse tsakanin mata biyu, ina ta lissafin abin da ya faru: batir ya mutu, firigo ya tsaya, ya yi allura da ruwa, sukari ya hau, ya faɗi. Sai in ce a'a, ba ya saurin haka, majo bai ce haka ba. Sai in tuna tsarabar da na shigo da ita ranar mahaifiyata. Matar da ke gefena ta ga ina kuka ba sauti, ba ta tambaye ni komai ba, ta dai ɗora hannunta a kan gwiwata har muka shigo gari.

Kabu-kabu ya karya kwanar layinmu, na hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidanmu. Maza zaune jere, takalma a gefe, butoci a tsakiya. Na ce da mai babur ya tsaya tun daga nesa. Na tako a hankali ina dafa bango. Wasu suka ɗago suka dube ni suka sunkuyar da kai. A nan na tabbatar.

Sai na ji an ce, "Ke, lafiya a tsakiyar mako?"

Baba ne. Yana fitowa daga zaure da bokiti cike da ruwan leda, yana miƙa wa mutane ɗaya bayan ɗaya. Na zauna a ƙasa a inda nake, a cikin rairayi, a gaban maza. Tsohon magini mijin maƙwabciyarmu ne ya rasu da asuba. Ƙofar gidansu ba inuwa, tamu akwai bishiyar dogon yaro, shi ya sa aka shimfiɗa zaman makoki a wajenmu, kamar yadda ake yi. Baba ya bar salularsa a ɗaki. Gwaggo tana can cikin mata, batir ɗin salularta ya ƙare tun safe.

Na shiga ɗakin Baba. A gaban batir, a kan tabarma, ga salula sun fi a ƙirga, manya da ƙanana, an jona wannan a kan wannan, na 'yan'uwan mamacin da suka zo daga ƙauyuka. Kowa yana so ya sanar da nasa, kuma gidanmu ne kaɗai mai wuta a layin. Na ɗaga kai na dubi kanta. Fallena yana cikin kwandonsa, ba ɗigon haske a jikinsa. Na bi igiyarsa da ido, na same ta a gindin wata tsohuwar salula mai ɗaure da roba. Wani ya rasa igiya, ya ga wannan a jikin abin da ba shi da allo ba ya ƙara, ya zare. Ban ga laifinsa ba ko a lokacin. A garin nan igiyar salula ta kowa ce, kamar moɗa a bakin randa.

Firigo shiru yake. Na buɗe, ruwan leda ya zubo mini a ƙafa. An cusa shi har baki, ana ɗiba ana ƙarawa tun safe, ga hadari ya hana pano aiki, batir ya ƙare ya yanke. Na tura hannu can ciki na lalubo kwalbar a bayan ledoji. Ba sanyi a jikinta. Na ɗaga ta wajen haske, tana nan garau kamar ranar da aka saye ta, kuma wannan garau ɗin ya fi komai ba ni tsoro.

Ba a faɗa a gidan makoki, na haɗiye. Na je farmasi na karɓo sabuwa, na jefa tsohuwar a masai. Amma washegari da safe, da muka rage mu uku a tsakar gida, abin da na haɗiye ya fito duka. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ran nan. Na ce shin ran nasa ne ba ya so ko ni yake so ya kashe? Na ce na yi tafiyar nan ina yi masa kuka yana raye. Gwaggo ta ce, "Haba, mutum ya zo gaisuwar mutuwa a wannan zafi a hana shi ruwa? Da wane ido za mu kalli unguwa?" Na ce ni ban ce a hana kowa ruwa ba, na san ko na faɗa ba za a ji ba. Na juya wajen Baba na ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Kada in sake ganin maganin nan a cikin tarkacen mutane. Kada hannun kowa ya taɓa shi. Kun ji, Baba?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na ji." Bai yi wasa ba, bai kira ni mutuniyar Takieta ba. Na ji kunya ta kama ni, amma tsoron ya fi kunyar yawa, ban janye ko kalma ɗaya ba.

Na koma Zango na ɗauko akwatin ƙarfen nan da na raina. Kafin in bar shagon na karɓi salular mai shago na gwada bakin igiyar, bai shiga ba. Na tare wani mai kabu-kabu a ƙofa na gwada a tasa, na gwada a ta mai sayar da goro, na gwada a wata irin tsohuwa mai madannai da wani dattijo ya zaro daga aljihu yana tambaya ko kyauta ake rabawa. Ba wadda ta karɓe shi. A gida na ɗaure igiyarsa a jikin batir da noti, na matse har yatsuna suka yi ja. Yana ci fiye da fallen, na sani, don haka na cire fankar ɗakina na ba shi rabonta. Kwana biyu a mako nake yi a gidan, zan iya kwana a waje.

Akwatin nan bai taɓa ba ni kunya ba. Zafi ya yi zafi, bayansa ya yi ɗumi kamar murfin tukunya, bai tsaya ba. Saƙo yana zuwa kowace awa. Wasu ranaku da rana tsaka in ga sanyin ya ɗan ragu, in gane an sa ruwan wani, kafin in gama damuwa ya koma daidai. Gwaggo ta koyi sa ruwan mutane kaɗan-kaɗan, da sassafe. Lungun da kwalbar take bai taɓa fita daga abin da majo ya ce ba.

Amma Baba yana ramewa. Duk Juma'ar da na dawo sai in ga rigarsa ta ƙara yi masa yawa. Yana shan ruwa kamar wanda ya dawo daga gona, yana yawan zagayawa bayan gida, da rana sai ya yi gyangyaɗi da basilla a hannu. In shiga in buɗe firigo, ga kwalba a wurinta, da sanyinta. Ranakun da nake gida ba mai kawo ruwa, unguwa ta ji labarin bakina. Na mayar da shi asibiti. Majo ya auna, ya ɓata fuska, ya ce, "Madam, kin tabbata maganin nan bai sha zafi ba?" Na zaro salula na nuna masa saƙonni, na yi ta ja da yatsa, mako bayan mako, sanyi lafiya, sanyi lafiya. Ya gyaɗa kai ya ce to ciwon ne ya ƙaru, ya ƙara yawan abin da za a riƙa ja a allura. Muka fito, Baba yana tafiya a hankali a gabana, ina kallon ƙashin wuyansa. Tsoron da na ji a lokacin ya fi na ranar mota, don wannan ban san inda zan kama shi ba.

Wata Talata aka aiko ni Damagaram wani taro na aiki. Aka tashi da wuri, na ce bari in leƙa gida kafin in koma. Ban kira ba. Azahar ta gabato, rana tana dukan tsakiyar kai. Tun daga bakin layi na ji ƙamshin tuwo da hayaniyar mata, ashe suna ake yi a gida na uku da namu. Na tarar da Baba a ƙofar gida, a gefen da inuwar dogon yaro ta riga ta janye, ya tsuguna zai yi alwala. Ya sunkuya zai wanke ƙafa, sai na ga ya sa hannun hagu ya dafe aljihun ƙirjinsa, kamar mai tsoron wani abu ya faɗo.

Na gaishe shi, ya amsa da murna. Na jira ya gama. Na ce, "Baba, mene ne a aljihun?"

Bai ɓoye ba, bai ma ga abin ɓoyewa ba. Ya sa hannu ya fito da wani farin ƙyalle mai tsabta, naɗe da kyau, ya warware shi a tafinsa. Kwalbar ce.

Ya ce, "Masu suna ne suka kawo ruwa da lemo a sa musu. To tun ran da kika yi magana, in za a sa kayan mutane sai in cire shi tukuna. Ba wanda ya taɓa miki shi, ko gwaggonki ban ba ta ba. Yana jikina har su kwashe nasu, in mayar."

Na ce, "Tun yaushe yau?"

Ya ce, "Tun bayan asuba." Ya dube ni yana jiran in ce ya kyauta.

Na ce, "Kullum haka kuke yi?"

Ya ce ba kullum ba, sai ran da aka kawo. Sai ya ɗan yi tunani ya ce, to, a zafin nan kuwa da wuya rana ta fito ta faɗi ba a kawo ba.

Na karɓi kwalbar. Ɗuminta ɗaya da na hannunsa. Na ga yadda yake kallona, da idanun nan da suka faɗa. Ladan ya fara kiran salla, Baba ya gyara hularsa ya ce in shiga ciki in sha ruwa mai sanyi, akwai da yawa. Ina tsaye a wurin da kwalbar a hannu salula ta yi ƙara a cikin jakata, saƙon awar ya shigo, ban buɗe shi ba.